Wayar Jita da Ramuwar Taubashi

Ni ba mutum ne mai mantuwa ba. In ka yi mini alheri ina riƙe da shi, in ka yi mini tsiya ma ina riƙe da ita, kuma ita na fi riƙewa da kyau. Inna takan ce tun ina ƙarami in aka ƙwace mini ƙosai sai in yi kwana uku ina harar wanda ya ƙwace. Da wannan halin na girma, na yi makarantar kiwon lafiya a Sakkwato, aka tura ni aiki wani ƙaramin asibiti a Kebbe, iyalina kuma suna Tambuwal. Litinin in hau babur in tafi, Juma'a in dawo.

A makarantar na koyi kaɗa jita, wurin wani ɗan Nijar da muke ɗaki ɗaya. Gidanmu gidan malamai ne, saboda haka jitar ba ta taɓa tsallake zauren gidanmu ba, tana zaune a ɗakina na bayan asibiti. Ta lantarki ce, wadda in ba a haɗa ta da lasifika ba muryarta ba ta fi ta sauro ba. Tsakaninta da lasifikar akwai wasu 'yan akwatuna uku da ake jerawa a ƙasa ana taka su da ƙafa, fedal ake ce musu. Ɗaya ya sa sauti ya yi kauri, ɗaya ya sa ya yi amsa-kuwwa, na ukun ya sa yana rawa. Duk waya ce ke haɗa su: doguwa daga jita, gajeru biyu a tsakani, wata doguwa zuwa lasifika. Ɗaya ta ƙi, duka sun ƙi.

Mutum guda ne a duniya ya taɓa ce mini in sake kaɗa masa, shi ne shugaban asibitinmu, wanda muke kira Incaji. Dattijo ne ɗan Fakku, ya yi aiki shekaru a bakin iyaka yana saurayi, can kunnensa ya saba da kiɗan jita. In an tashi aiki da la'asar sai ya jawo benci ƙofar ɗakina, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Yaro, taɓa muna wani abu." Shi ya koya mini neman jijiya a hannun jariri, shi ya tsaya mini ranar da na yi kuskuren da ya isa a kore ni. Da aka ce lokacin ritayarsa ya yi, za a yi masa taron bankwana, sai na zauna wata guda cur ina haɗa masa wani kiɗa nasa shi kaɗai. Ban bari ya ji ko kaɗan ba. In ya jawo benci sai in kaɗa masa tsofaffin, in ce sabon sai ranar.

Wayoyina sun tsufa, suna ƙarar ƙas-ƙas in an motsa. Na sayi sabuwar waya doguwa da kawunanta na ƙarfe, na kai wa mai gyaran rediyo a kasuwar Tambuwal ya yanka ya liƙa mini. Mai gyaran nan kuwa ba bare ba ne. Ɗan kawuna ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, wato taubashina. Kowa ya san tsakanin taubasai: zagi halal ne, tsokana halal ce, in ya ɗauke maka takalmi a masallaci ka dawo gida ba takalmi, dariya za ka yi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, bawansa yake kirana tun muna wasan ƙasa.

"Bawa, mi kaka so?"

Na ajiye masa kayan, na gaya masa ranar, na gaya masa don wa. Wannan shi ne wautata. Na zauna na ba shi labarin Incaji kaf, yana gyaɗa kai yana liƙi. Da ya gama ya haɗa da lasifikarsa, muka gwada, sauti tas. Na naɗe wayoyin na ɗaure a bayan babur na kama hanyar Kebbe, hanyar da in ka ɗauko ƙwai a kanta sai dai ka isa da wainarsa.

Ranar taro an kafa rumfa a gaban asibiti, an jera kujeru, manya sun zo daga sakatariya, ungozomomi sun sha anko, janareto yana ta ruri a bayan ɗakin magani. Aka yi jawabai, aka ba da kyaututtuka. Mai gabatarwa ya ce yanzu yaron Incaji na asibiti zai yi masa nasa bankwanan. Na fito, na rataya jita, na taka fedal, na taɓa tsirkiya.

Shiru.

Na sake taɓawa. Lasifika ta yi wani gurnani ta koma shiru. Na durƙusa na cire wannan na soka wancan, na fitar da akwatunan gaba ɗaya na haɗa jita kai tsaye da lasifika, ba abin da ya sauya. Na ɗauko ɗaya doguwar, ita ma haka. Gumi ya jiƙe mini riga har ƙugu. Wani daga baya ya ce, "A yi mata allura mana!" Rumfa ta ɗauki dariya. Wani ya ce jitar ma ta yi ritaya. Na ɗaga kai na ga Incaji ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya karkato kunne, yana jira. Don kada in tsaya haka nan, na kaɗa kiɗan ba lasifika, janareto ya cinye shi ɗungurungum. Ko ni da nake kaɗawa ban ji ba. Mai gabatarwa ya ce a tafa mini, aka tafa irin tafin da ake yi wa yaron da ya manta karatunsa.

Incaji ya kama hannuna da zai hau mota. Ya ce, "Ba komi. Fakku ba nisa. Ka taho ka kaɗa min a gida." Na ce in sha Allahu. Tun daga ranar sunana a Kebbe ya koma Mai Bebiya. Har mata masu zuwa awo, in sun tambayi wanda zai rubuta musu kati, sai a ce su je wurin Mai Bebiya.

Da na koma ɗaki na kwance kawunan wayoyin. Gajerun an liƙa su da kyau. Dogayen biyu kuwa, ko ni da ban san komai ba a lokacin na ga abin da aka yi: silin tsakiya ba a sa masa dalma ba sam, an dai cusa shi ya taɓa ƙarfen, yadda zai yi aiki a shago. Sauran aikin an bar wa hanyar Kebbe.

Juma'a ban ko shiga gida ba, shagonsa na nufa. Yana hango ni ya faɗo daga kan kujera don dariya, har yana riƙe ciki. Labari ya riga ni isowa.

"An ce ta yi azumin magana! Bawa, wallahi da na san haka za ta yi daɗi da na biyo ka."

Na ce, "Ka san don wa na yi kiɗan nan."

"Awo, na sani. Haba, wasa ne fa! Ko fushi kaka yi da ubangidanka?"

Maƙwabtansa na shago duk sun zubo mini ido, suna jiran su ga ko zan faɗi. Sai na yi dariya. Wallahi na yi ta, haƙorana duk a waje, irin yaƙen nan da ya fi kuka ciwo. A gida na gaya wa Inna, ita ma sai da ta murmusa kafin ta ce, "Taubashinka ne, ba a kai ƙararsa. Ka shiga mota ka tafi Sakkwato ka sayo wayar da aka riga aka haɗa, ka je ka yi wa dattijon nan kiɗansa, magana ta ƙare." Na ce a'a. Na rantse ba zan sake soka wa jitata wayar da hannun wani ya liƙa ba, kuma ba zan je Fakku ba sai da wayar da na haɗa da kaina. Inna ta ce, "Kai dai da zuciya kamar kuturu." Na ce na ji.

Malamin da na samu wani tsoho ne mai zuwa asibitinmu awon hawan jini, wanda a da shi ke gyaran oba-oba, wato rediyon aika saƙo, na ofishin hakimi. Na ce masa, "Baba, koya mini liƙin dalma." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce likita da allura mi ya haɗa shi da dalma? Na ce akwai wanda nake so in yi wa magani.

Wuta a Kebbe sai an ga dama, don haka Baba ba ya amfani da ƙarfen liƙi na lantarki. Nasa wani guntun jan ƙarfe ne mai ƙotar icce, a cusa bakinsa cikin garwashin gawayi, in ya yi zafi a goge a tsumma mai laima a yi aiki da sauri kafin ya huce. Ya yanka waya ya nuna mini cikinta. Akwai sili a tsakiya, shi ke ɗauke da sauti. Akwai wasu siraran gashi na jan ƙarfe da suka kewaye shi, su ke kore gurnani. Kowanne da wurin da ake liƙa shi a jikin kan wayar, kuma in gashi ɗaya tak ya kuɓuce ya taɓa na tsakiya, an gama, shiru ne.

Fiɗar wayar ma sai da ta ci mini mako biyu. In na sa reza sai in yanke har gashin. Hannun da ke samun jijiyar jariri ya kasa fere roba, abin ya ba ni haushi ƙwarai. Da muka zo kan liƙi, sai in narka dalma a bakin ƙarfen in ɗiga a kan waya, ta dunƙule kamar kashin awaki. Baba ya finciko da yatsa biyu ta fita.

"Ba dalma aka gasawa ba, likita. Waya aka gasawa. In ta yi zafi ita da kanta za ta sha dalmar."

Ya ce in liƙi ya kama za ka gan shi sumul yana ƙyalli. In ya yi dusu-dusu, to liƙin ƙarya ne, yau yana aiki gobe ya saki. Ya hana ni hurawa da baki, ya hana ni motsi kafin ta daskare. Rannan ina sauri na damƙi ƙarfen ta wajen bakinsa. Wayyo Allah! Na yi tsalle na ture kaskon gawayi, Baba yana salati yana janye tabarma. Ni na wanke wa kaina ƙunar na naɗe, kwana goma ban taɓa jita ba. Wata rana kuma ɗigon dalma ya sauka a kan babban yatsan ƙafata. Duk ƙunar da na yi, sunan taubashina nake kira, kuma ba da alheri ba.

Ana cikin haka damina ta sauka. Wani ɗan kabu-kabu da ke zuwa Fakku ya tsaya a asibiti ya ce Incaji yana gaishe ni, ya ce a tambaye ni ina jita. Na ce a gaya masa tana nan tafe. A lokacin na iya liƙi mai kamawa, amma bai yi kyan da nake so ba. So nake in kwance kan waya a gaban kowane mai gyara a ƙasar nan ya rasa abin cewa. Bayan wata guda saƙo ya sake zuwa. Na ce ruwa ya ɓata hanya, a bari ta sha iska. Gaskiya ne ruwa ya ɓata hanya, amma ɗan kabu-kabun ai ta kanta ya biyo.

Ranar da na haɗa wayoyi fuɗu, Baba ya ja kowacce da ƙarfinsa, ya murɗa, ya buga a ƙasa, ba wadda ta saki, gero ya riga ya nuna. Na ɗaure su a bayan babur na je Tambuwal na dawo don gwaji, na soka, sauti tas. Na ce Asabar mai zuwa sai Fakku. Ranar Laraba ina cikin rubuta kati aka shigo aka ce Incaji ya rasu da asuba.

Na je jana'iza. Na zauna a ƙofar gidansa cikin masu gaisuwa, ga wani benci a jingine da bango, na kasa ɗauke ido daga kansa. Babban ɗansa ya ce mini, "Kai ne mai jitar? Yana yawan maganarka." A hanyar dawowa na tsayar da babur a gefen wata gona na yi kuka mai isata. Da na share ido, abu ɗaya ne a raina: wanda ya ci tuwo da ni, miya ya sha.

Na koma wurin Baba na ce ya koya mini yin liƙin ƙarya da gangan. Ya ce, "Wanga ai ba sai an koya maka ba, shi ka yi wata biyu kana yi." Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

Dama ta zo bayan 'yan watanni. Masu gyaran rediyo da wayar hannu na Tambuwal suka zaɓi taubashina shugabansu, aka sa ranar walima a filin wata makarantar firamare. Shi kuwa ban da gyara yana ba da hayar lasifika, kuma abin da yake taƙama da shi a duniya shi ne kayansa ba su taɓa yankewa a taro ba. Na san shi kamar yunwar cikina. Na san duk wayarsa yana naɗa mata shuɗin salatif a wuya don kada a sace. Na kuma san in zai yi magana ba ya barin makirfo a kan sandarsa kamar sauran mutane, sai ya zare shi, ya naɗe wayar sau biyu a hannu, ya finciko ta, wai shi gwani.

Na sayi waya irin tasa sak, da shuɗin salatif. Na zauna na yi mata liƙin da ban taɓa yin mai kyansa ba a gefe ɗaya. A ɗaya gefen na bar silin tsakiya da ɗan ɗigon dalma mai sanyi, wanda zai riƙe muddin ba a ja ba. Sau bakwai ina gwadawa a ɗaki, ina naɗewa a hannu ina fincika, har na samu daidai ƙarfin da nake so. Ba na son ta yanke a bakin liman yana addu'a, wannan ba ruwansa.

Ranar walima na zo da wuri na taya jera kujeru. Da aka kira la'asar na ce wa shi da mutanensa su je, ni zan tsare kaya, in sun dawo in yi tawa. Kafin su yi raka'a biyu na sauya wayar, tasa tana cikin aljihun babbar rigata.

Liman ya buɗe da addu'a, sauti tas. Mai gabatarwa ya yi ta zuba kirari, sauti tas. Tsohon shugaba ya yi nasa. Ni ina layi na biyu ina jira. Sai aka kira sabon shugaba. Ya taso cikin shadda fara ƙal, yana ɗaga wa jama'a hannu. Ya zare makirfo. Ya naɗe waya sau ɗaya, sau biyu. Ya finciko.

"Jama'a, assala..."

Ƙat.

Ya bubbuga kan makirfo. Ya hura. Bakinsa yana ta motsi, ba mai jin komai. Ya juya ya murɗa wannan ya murɗa wancan, ya durƙusa da farar shaddarsa a cikin ƙasa yana leƙen bayan lasifika. Ka tuna fa, duk wanda ke zaune a filin nan mai gyara ne. Wani ya ce, "Shugaba, a kawo maka mai gyara?" Wani ya ce a sake zaɓe. Fili ya kece da dariya, har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Na ga gumi yana bin bayan wuyansa yana shiga shadda. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji, daɗin da ban taɓa jin irinsa ba. Na ƙyale shi a durƙushe gwargwadon yadda na durƙusa a Kebbe, na ƙara masa kaɗan.

Sannan na tashi a hankali, na zaro wayarsa daga aljihu, na ɗaga ta sama kowa ya ga shuɗin salatif, na cire tawa na soka tasa. Na karɓi makirfo daga hannunsa.

"Wasa ne fa, ubangidana. Ko fushi kaka yi da bawanka?"

Aka yi ta ihu ana tafi. Duk wanda ya san labarin Kebbe ya gane, wanda bai sani ba aka gaya masa nan take. Ya dube ni, ya dubi jama'a, sai ya yi dariya, haƙora duk a waje. Na san dariyar nan, tawa ce, na ba shi aro. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

Bayan an watse ina taya naɗe tabarmi, ya zo ya tsaya kusa da ni da wayata a hannu. Ya riga ya kwance kawunan biyu. Ya daɗe yana kallon gefen da na liƙa da kyau, yana juya shi a hasken yamma.

"Kai ka yi wanga?"

Na ce ni na yi.

"Ya yi kyau. Ko ni sai haka." Ya mayar da murfin ya ɗaure. "Wata nawa ka yi kana koyo?"

Na ce biyar, da ƙuna biyu, kuma duk saboda shi. Na ce saboda shi dattijon nan ya tafi kabari bai ji kiɗansa ba. Na faɗa da ƙarfi, don na daɗe ina tanadin maganar.

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya miƙo mini wayar.

"Na yi laifi, bawa, ban musa ba. Amma ni rana ɗaya na hana shi ji. Sauran wata biyar ɗin, wa ya hana shi?"

Na karɓi wayar na cusa a aljihu. Ya ɗauki lasifikarsa ya ɗora a kafaɗa ya tafi.

Har yau muna tsokanar juna, yana ce mini bawa ina ce masa shugaban kurame, kuma har yau ban ce na yafe masa ba. A Kebbe an daina kirana Mai Bebiya, yanzu masallatai biyu ma ni ke liƙa musu wayar lasifika. Wayoyin nan fuɗu da na haɗa don Fakku suna rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗakina. Shekara uku ke nan, ko ɗaya ba ta taɓa saki ba. Kiɗan ne dai ban sake kaɗawa ba.